Gindin Mudu

Shekara talatin ina awon hatsi a kasuwar Daura.
Na auna da tiyar da ake share wa baki,
na auna da wadda ake yi wa tsororuwa,
ban taɓa ganin biyu sun zo daidai ba.

Zayyanu, ɗan ƙanena, ya dawo hutu daga jami'a,
ya hau buhun geron da ban kwance ba,
yana ɓarar gyaɗa, yana zuba mini ɓawon a inuwa.
Ya ce, "Baba, kirki da laifi tiyarka ce.
Ta Mai'adua daban, ta Matameye daban.
Shinkafar da ta zama laifi a Kongolam,
taku ɗari baya tuwon dare ce.
Kakata ta mutu ba ta kira sunan ɗan farinta ba,
wani gari uwa ta kira shi tun daga bakin titi,
ba wanda ya ce ba ta da kunya.
Kowace ƙwarya da abokin burminta.
Ba a saukar da mudu daga sama ba."

Na buɗe baki, na rufe.
Yaron bai yi ƙarya ba.

Ni kaina na taɓa rantse wa ɗan kwastan
cewa dusa ce a ƙarƙashin tabarmar.
Yarana sun ci, na kwanta, na yi minshari,
har yau wannan rantsuwar
ba ta tashe ni tsakar dare ba.

Amma akwai wata.

Shekarar da fara ta cinye gero tun yana ɗanye,
ina yaron Haladu mai awo.
Yana da mudu biyu masu kama ɗaya,
ɗaya an bubbuga gindinsa da guduma ya shige ciki.
Da lafiyayyen muke saye, da bugaggen muke sayarwa.
Duk layin haka ake, sarkin awo ya sani,
ba wanda ya kira shi sata,
ba mu ma sa masa suna ba.

Wata tsohuwa, Tabawa, daga wajen Zango,
ta kwance bakin zaninta da haƙori,
ta ƙirga kuɗin sau biyu.
Na auna mata huɗu, na yi musu tsororuwa don ta gani.
Ta ɗora a ka, ta juyo, ta ce,
"Allah ya yi maka albarka, yaro, ka cika mini."
Ko dukan Haladu bai taɓa shigata haka ba.

Albarkar nan tana maƙogwarona kamar ƙayar kifi.
Na sha ruwa, na haɗiyi loma, na je Makka na dawo.
Babu alƙali, babu shaida, kasuwa ta yarda,
to wa ke tuhumata?
Wane gari ne za a kai Tabawa
a nuna mata gindin mudun nan
ta ce, "Ai al'adarku ce, ban ji ciwo ba"?

Ban faɗa wa Zayyanu wannan ba.
Ba ni da turancin da zan ɗaure ta da shi,
kuma ban san inda zan ajiye shinkafar Kongolam ba.

La'asar ta yi sanyi, ya tuna saƙon uwarsa,
tiya uku na dawa, ya miƙo kuɗin.
Na ɗauko tiyar. Ya karɓe ta daga hannuna
yana ci gaba da bayanin malaminsu,
ya kife ta, ya shafa gindin da babban yatsa,
ya ƙwanƙwasa, ya saurara,
sannan ya miƙo mini.

Na auna masa, na share baki, na ƙara masa gyara.
Ya tafi yana magana shi kaɗai.
Bai san abin da yatsansa ya yi ba.